Hukuncin Tuƙa Mota Ba Inshora: Jan Kunne Ga Direbobi Da Masu Motoci

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron wayar da kai wanda ƙungiyarmu ta shirya wa direbobi da masu motoci a nan Ikko. Mun buga shi gaba ɗaya domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

 

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne hukuncin da doka ta tanadar wa wanda ya ɗora mota a kan titi ba tare da inshora ba. Na san akwai mu a nan da yawa da ke cin abinci da mota. Wani direban tirela ne, wani na tanka, wani yana da bas, wani Keke Marwa, wani babur. Wani kuma bai taɓa kama sitiyari ba, amma kuɗinsa ne ke yawo a kan titi, domin shi ya sayi motar ya ba direba. To, maganar nan ta shafe mu duka, kuma ina roƙon a saurara da kunnen basira.

Yawancinmu mun ɗauki takardar inshora a matsayin ɗaya daga cikin fatikula, wato abin da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ko ɗan VIO a shingen hanya, ya duba, ya ce a wuce. Shi ya sa mutum ba ya damuwa da inda ta fito, muddin dai tana da tambari da hatimi. Wannan fahimta ita ce ke jefa mutanenmu cikin halaka. Ranar da takardar nan ke da amfani na gaskiya ita ce ranar tsautsayi, Allah Ya kiyaye. A ranar ne za a san wanda ke da inshora da wanda ke riƙe da takarda kawai.

Bari mu fara da sanin abin da doka ta wajabta. Inshorar mota iri biyu ce manya. Akwai cikakkiya, wadda ke biyan ɓarnar da ta sami motarka kai kanka, haɗari ne ko gobara ko sata, har da ɓarnar da ka yi wa wani. Wannan ganin dama ce, in kana da hali ka yi. Akwai kuma wadda direbobi ke kira tad-fati, wato ta mutum na uku. Kai mai mota kai ne na farko, kamfanin inshora shi ne na biyu, na uku kuwa shi ne bawan Allah da motarka ta buge, ko ta ragargaza masa tasa motar, ko ta rushe masa shago. Wannan ta biyun ita ce tilas a kan duk abin hawa mai inji da ke bin titi a Nijeriya. Gwamnati ta wajabta ta domin kada wanda aka yi wa ɓarna ya tashi a tutar babu saboda mai motar ba shi da abin biya.

Wannan doka kuwa ta girmi yawancin waɗanda ke zaune a nan. Tun zamanin Turawa, a shekarar 1945, aka yi dokar inshorar mutum na uku. Ta ce wanda aka kama da laifin, tara ce wadda a kuɗinmu ta kama Naira 400, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko a haɗa masa duka biyu, sannan a hana shi riƙe lasin tuƙi na aƙalla wata 12. Da tafiya ta yi tafiya Naira 400 ta zama abin dariya, sai Dokar Inshora ta 2003 ta zo. Sashe na 68 na wannan doka ya ce dole inshorar ta haɗa da ɓarnar dukiyar mutane, ya kuma sa tarar Naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyu. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umurnin a fara tsananta binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa. A cikin shekarar 2025 ɗin kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin nan ta maye gurbinsu. Sabuwar doka ba ta sassauta ba. Wajibcin yana nan daram, kuma saɓa shi laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, a ci shi tara ko a ɗaure shi.

Yanzu ga wani wuri da nake so iyayenmu Alhazai masu motoci su buɗe kunne. Tun daga dokar farko, lafazin ya haɗa mutum biyu: wanda ya tuƙa, da wanda ya sa ko ya yarda aka tuƙa. Ma'ana, in ka sayi tirela ka ba direba, kana zaune a Agege ko a Mile 12 kana lissafi, aka kama motar a Ogere ba inshora, ba direba kaɗai ke da laifi ba. Kai ma da ka miƙa masa makulli kana ciki. Haka in ka ara wa ƙaninka mota, ko ka ba yaro babur yana kawo maka balas kullum. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. To, a nan doka ta kama makashin, ta kuma kama maratayin.

Wani zai ce, ai Malam, tara ce kawai, in an kama ni na san yadda zan yi a hanya. To, jama'a, tara ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ke biyo baya. Ko a shingen hanya ma, ana iya tsare motar a caji ofis. Mai ɗauke da tumatir ko attaruhu daga Kano ya san abin da kwana biyu a rana ke yi wa kaya. Mai ɗauke da shanu zuwa Kara ko Oko-Oba ya fi kowa sani. Asarar kwana biyun nan kaɗai ta ninka kuɗin inshorar shekara. Amma babbar magana ita ce ranar da aka yi haɗari.

A ce, alal misali, wani ɗan'uwanmu na da babbar mota, ya ɗauko albasa daga Aliero. An iso gangaren Ojota birki ya ƙi, motar ta haye kan wata ƙaramar mota, ta ji wa mutum biyu rauni, ɗaya ya karye. 'Yan sanda sun zo, sun auna, sun karɓi fatikula. In inshorarsa ta gaskiya ce, zai sanar da kamfani, kamfani ya turo mai kimanta ɓarna, ya biya gyaran motar da aka buge har iyakar da aka rubuta a takarda, ya kuma ɗauki nauyin diyyar waɗanda suka ji rauni bisa ƙa'ida. In kuwa babu, ko ta jabu ce, shari'a biyu ce ta hau kansa lokaci guda. Ta farko tsakaninsa da gwamnati, kan laifin tuƙi ba inshora. Ta biyu tsakaninsa da waɗanda aka yi wa ɓarna, su kuma kuɗi suke nema: kuɗin asibiti, kuɗin gyaran mota, kuɗin aikin da mutum ya rasa yana kwance. In an yi rashin rai, iyalan mamaci na da damar shigar da ƙara su nemi diyya. Duk wannan daga aljihunsa zai fito.

Kuma lauyan masu ƙara ba direba zai bi ba, ya san direba ba shi da komai sai tabarma da buta. Mai mota zai bi, domin ƙa'idar shari'a ce cewa ubangida na ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. In kotu ta yanke hukunci aka kasa biya, akwai hanyoyin da doka ta ba mai bin bashi. Ma'aikatan kotu na iya zuwa su kwashe kaya su yi gwanjonsu, motar ce ko kayan shago. Ana iya sa banki ya riƙe kuɗin da ke cikin asusun mutum ya miƙa wa mai ƙara. In kayan ba su isa ba, ana iya kaiwa ga gida ko fili. Dukiyar da mutum ya yi shekara ashirin yana tarawa a Kurmi, yana cin gari da ƙuli don ya tara, sai ta tafi a shari'a ɗaya.

Akwai kuma masu tunanin cewa in abu ya ɓaci sai a hau mota cikin dare a koma gida. Wannan tunani ba ya fisshe mu. Hukuncin da kotun Ikko ta yanke ana iya kai shi a yi masa rajista a kotun Kano ko Sakkwato ko Katsina a zartar da shi a can, domin ƙasa ɗaya ce. Sannan wa aka bari da jidali? Wanda ya tsaya beli. Dattijon da ya sa hannu, ya ajiye mutuncinsa da takardun gidansa, shi kotu za ta kira ta ce ya kawo mutum ko ya biya kuɗin da ya ɗauki alkawari. Gobe in wani ɗan'uwa ya shiga matsala ta gaskiya, wa zai yarda ya tsaya masa?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa maganar ta fi nauyi a kanmu mu mazauna nan. In direba ɗan Arewa ya buge mutum a garin nan, ba sunansa ake kira ba, cewa ake yi Bahaushe ya buge mutum. In aka ga alamar za a biya, an kai mai rauni asibiti, kamfani ya shigo, zukata kan kwanta. In aka ga babu mai biya, direba ya tsere, mai mota ya ɓuya, nan ne fushi ke juyawa kan mai shayi da mai gyaran takalmi da mai turin baro waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda ke nan a watan Maris na 2016 ba su manta da rikicin Mile 12 ba, wanda jaridu suka ruwaito ya faro ne daga ɗan acaba da ya buge wata mata, aka yi asarar rayuka da dukiya, aka rufe kasuwa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kuma ko ba a kai ga rikici ba, ku da kanku kun san sau nawa ake yawo da faranti a masallaci da kasuwa ana karo-karo don a fitar da wani daga hannu. Kuɗin da ya kamata a yi wa marayu da makarantar Islamiyya hidima da su, sai su tafi wajen biyan abin da kamfani zai biya da an yi abin da ya dace.

To nawa ne kuɗin nan da ake gudu? Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke tsayar da farashi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, ta mayar da kuɗin tad-fati na motar gida Naira 15,000 a shekara maimakon Naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da mutum ke ɗaukar kayan kansa da ita Naira 20,000, iyakarta miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya Naira 100,000, iyakarsu miliyan 5. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000, iyakarsa miliyan 2. Babur Naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Ku raba Naira 15,000 gida 365 ku gani, bai kai Naira 42 a rana ba. Mai tirela kuma ya kwatanta Naira 100,000 da kuɗin taya guda ɗaya.

A lura da kalmar iyaka. Abin da ya haura iyakar nan, mai mota ne zai cika. Masu tanka da tirela su tuna da gobarar gadar Otedola ta watan Yuni 2018, inda tankar mai ɗaya ta ƙone motoci fiye da 50. Miliyan 5 ba ta zuwa ko'ina a irin wannan. Saboda haka mai babbar mota ya zauna da kamfani ya nemi a ƙara masa iyakar, ya biya ɗan abin da ya hau. Haka kuma tad-fati ba ta biyan motarka, ba ta kuma biyan kayan da ka ɗauko. Goro ne ko shanu ko hatsi, kaya na da tasu inshorar daban, ta kayan da ke kan hanya, fatake su nemi bayaninta.

Yanzu sai babbar cutar, wato takardar jabu. Mutum ya je sabunta fatikula, ya haɗu da dillalan bakin ofishin lasin, ya ba su kuɗi dunƙule, su kawo masa takardu a cikin leda, har da ta inshora a kan Naira dubu biyu ko uku. Ya ji daɗi ya sami araha. Jama'a, araha ba ta ado. In farashin hukuma Naira 15,000 ne aka ba ka a dubu uku, ka san babu kamfanin da ya karɓi sisinka. A idon doka mai takardar jabu daidai yake da wanda ba shi da komai, har ma ya fi shi shiga uku, domin ana iya ƙara masa da tuhumar amfani da takardar bogi, sai ya yi ta rantsuwa bai sani ba. Da can ana iya wucewa da ita a shinge saboda jami'i ba shi da hanyar tantancewa. Yanzu ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya na da rumbun bayanai a kwamfuta, ana kiransa NIID, inda ake shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya. Jami'i na iya sa lambar motarka a wayarsa ya gani nan take. Kai ma kana iya dubawa: ka danna *565*11# a wayarka ka bi umurnin, ko ka sa yaro ya duba maka a intanet. In lambar motarka ba ta fito ba, ka koma wurin wanda ya ba ka takardar tun kafin tsautsayi ya riga ka.

Ko mai inshorar gaskiya ma akwai abubuwan da ke iya ɓata masa ita, ya kamata a kiyaye. Na farko, ranar ƙarewa. Inshora ta shekara ɗaya ce, in ta ƙare jiya aka yi haɗari yau, ba ruwan kamfani. Na biyu, biyan kuɗi. Ƙa'idar ita ce in ba a biya ba babu kariya, alkawarin baki ba ya aiki a nan. Na uku, a faɗi gaskiyar aikin da mota ke yi. Wanda ya yanki ta motar gida saboda ta fi araha, alhali kabu-kabu yake yi da ita, ya ba kamfani hujjar yi masa gardama. Na huɗu, direba ya kasance yana da lasin mai rai wanda ya dace da irin motar. Ba wa yaron mota sitiyari ya gwada hannu a kan babbar hanya ganganci ne. Na biyar, in ka sayi mota hannu na biyu, inshorar tsohon mai ita ba ta bin motar kamar safaya taya. Da sunansa aka yi, sai ka yi taka.

In kuma Allah Ya ƙaddara haɗarin, a fara da ceton rai, a kai mai rauni asibiti. In ana tsoron taron jama'a, direba ya nufi caji ofis mafi kusa ya kai kansa, kada ya ɓace. A sanar da kamfani da wuri, a ɗauki hoto, a karɓi rahoton 'yan sanda. Kada a yi saurin sa hannu a wata takardar sulhu ko a ɗauki alkawarin kuɗi kafin kamfani ya sani, domin hakan na iya sa ya janye jiki. In kamfani ya tsaya jan ƙafa, NAICOM na da sashen karɓar koke, a rubuta musu. Sai dai a sani, inshora kuɗi take biya. Wanda ya yi tuƙin ganganci ko ya sha ƙwaya ya kashe mutum, shari'arsa da gwamnati na nan, babu kamfanin da zai yi masa zaman gidan yari.

Na san akwai 'yan'uwa da ke ƙin inshora saboda shakkar halaccinta, kuma shakkar tasu ta tsoron Allah ce. Ga iyayenmu malamai nan, su ne masu fatawa. Abin da zan ƙara kawai shi ne, tun shekarar 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin Takaful, wato tsarin taimakon juna bisa shari'ar Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke yin ta mota. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma kamar kowace. Don haka wannan uzuri ya kau. Kuma haƙƙin wanda aka karya wa ƙafa ko aka kashe wa uba, ko kotu ba ta bi shi ba, yana nan a wuyan mutum.

Masu ƙetare iyaka ta Seme zuwa Kwatano da Lome da Gana kuma, akwai katin inshora na ƙasashen ECOWAS, mai ruwan ƙasa, wanda aka amince da shi tun 1982. Shi ke tsaya maka in ka yi ɓarna a wata ƙasa. Tsarin farashin 2023 ya haɗa da shi, saboda haka ka tambayi kamfaninka ya ba ka kafin ka kama hanya. Shiga hannu a ƙasar da ba ka jin Faransanci ba abin wasa ba ne.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda uku. Kowane mai mota da ke nan, kafin ya kwanta yau, ya ciro takardarsa ya duba ranar ƙarewa, ya kuma duba lambar motarsa a waya. Shugabannin tasha da 'yan kamasho su sa wannan cikin sharuɗɗan lodi, motar da ba ta da inshorar gaskiya kada a ɗora mata kayan mutane. Ita kuma ƙungiya ta wakilta mutum biyu ko uku masu ilmi da amana, waɗanda za su riƙa raka 'yan'uwa kai tsaye zuwa kamfani mai rajista, a karɓi rasit da sunan mai mota, a daina bi ta hannun dillalan bakin ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu da tsautsayi da asara, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.